Kaurin Kwabo

Fijon Baba ta girme ni da shekara tara.
Fara ce a da, yanzu launin kunun gyaɗa,
kujerunta na ƙamshin goro da tsohuwar takarda.
Ran rabon gado Yaya Hammari ya so a sayar,
na ce sai dai a haɗa da ni.
Tun ranar, in da magana tsakaninmu
Uwani ce ke kaiwa, Uwani ce ke kawowa.

Wata uku motar na min kuka.
In na tayar da asuba a Jekadafari
sai ta tsala ƙara kamar ɗan akuya a hannun mahauci,
maƙwabta su leƙo, in yi kamar ban ji ba.

Bel uku ta cinye.
Na farko ya tsinke a hanyar Kumo,
lagireto ya tafasa, na tsaya ina masa fifita da hula.
Na biyu gefensa ya zaizaye kamar bakin tsohuwar tabarma.
A kan na uku na ci mutuncin mai shago,
na ce jabu yake sayar wa bayin Allah.

Aka ce in je wurin Babayo,
bayan Tashar Dukku, gindin maina.
Tsoho ne, tabaransa ɗaure da roba,
baƙin mai ya zauna a zanen tafinsa
zaman da sabulu ya haƙura da shi.

Bai taɓa sifana ba.
Ya ce, tayar.
Ya karkata kai kamar malami mai jiran
inda ɗalibi zai yi tuntuɓe.
Ya ce, kashe.

Zare ya zaro daga aljihu,
ya dafe shi a fuskar fulin ƙasa,
ya ja shi sama zuwa fulin dinamo.
Zo ka gani.
Tsakanin zare da ƙarfe haske na ratsawa,
siriri, bai fi kaurin kwabo ba.

Ga abin da ya ci maka kuɗi, in ji shi.
Wannan ya leƙo gaba, wancan ya noƙe,
shi kuwa bel dole ya bi su duka biyu.
Da ka ji kuka sai ka ƙara ɗaure shi, ko?
Na ce haka ne.
Ya ce, to, azaba ka ƙara masa.

Ya kwance noti biyu,
ya zazzage gwangwanin madara a kan buhu:
washa manya da ƙanana, masu tsatsa, masu ƙyalli.
Ta farko ta yi kauri.
Ya goga ta a dutse, ya hura, ya gwada, ya sake gogawa.
La'asar ta same mu a nan.

Can ya shafa wata tsohuwar walda a gindin dinamo,
ya tsaya.
Wannan hannuna ne.
Kai ɗan Malam Inuwa ne, mai awon auduga?
Yakan zo da wani yaro mai yawan tambaya,
shi ke riƙe min fitila.
Ba ni ba ne. Ban ma zo duniya ba.

Zare ya kwanta a ƙarfe, haske bai sami hanya ba.
Ya danna bel da babban yatsa,
ya lotsa kaɗan, ya dawo.
Haka ake so, kar ya yi sako-sako, kar ya shaƙe.
Tayar.

Shiru, sai numfashin inji,
har ina jin ganyen maina na faɗowa kan bonet.
Na biya kuɗin aiki. Na washa, ya ce in bari.

A shataletale ban juya gida ba.
Na tuna idon Uwani ranar Juma'a,
yadda ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba.
Ga ni yanzu a Pantami, ƙofar gidan Yaya,
inji na aiki, ban kashe ba,
ban kuma fito ba tukuna.
Wani ya ɗaga labule.